Layi Biyar na Farko

A wata makarantar sakandaren 'yan mata ta kwana, mallakar gwamnati, da ke gefen hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi gabas, akwai wata gabatarwa da kusan kowace ɗaliba ta haddace tun tana ƙaramin aji. In aka ce a rubuta insha'in muhawara a kan likita da malami wa ya fi amfani, sai a fara da gaida shugaban taro, da alƙalai masu adalci, da mai kula da lokaci, da abokan muhawara, da sauran jama'a. Daga nan sai a ce, "Kafin in ci gaba, zan so in bayyana ma'anar likita." Sai a sanar da mai karatu cewa likita mutum ne da ke duba marasa lafiya a asibiti. Shi ma malami a bayyana shi. Kafin a zo kan wanda ya fi wani, rabin shafi ya tafi, wani lokaci ma sai a layin ƙarshe ake faɗa, in mai tsaron jarrabawa bai riga ya ce a ajiye biro ba.

Babu malamin da ya taɓa rubuta wannan gabatarwa a allo. Gado ce. 'Yan aji shida in za su fita sukan bar wa ƙannen da suka riƙa bokiti da tsofaffin littattafai, kuma a cikin littattafan nan take tafe daga hannu zuwa hannu. Asalinta daga ƙungiyar muhawara ne, inda ake tsayawa gaban jama'a a yi gaisuwa da Turanci, daga baya aka mayar da ita Hausa. Ta daɗe har ɗalibai suka ɗauka doka ce. Malamar da ke koyar da Hausa a manyan azuzuwa ita ce ta ɗaura ɗamarar raba su da ita.

Wurin ba shi da wani abin kallo. Katanga ce doguwa, da ƙofa ɗaya da maigadi, da layukan azuzuwa masu rufin kwano. Bishiyoyin darbejiya sun yi wa harabar inuwa, kuma a jikin ɗaya daga cikinsu aka rataye tsohon ƙarfen tayar mota, shi ne ƙararrawa. Ana buga shi tun kafin assalatu. Daga sallah sai layin famfo, sai shara, sai koko, sai taron safe inda ake duba farce da hijabi, sannan aji. Da hunturu yara kan dunƙule hannu cikin hijabi, biro ya ƙi riƙuwa. Da bazara kuwa kwano kan ɗauki zafi tun kafin azahar, darasin ƙarshe ya zama na gyangyaɗi. Darasin Hausa sau da yawa a wannan lokacin yake faɗawa, domin sa'o'in safe an ba lissafi da Turanci da kimiyya, kuma Malama ba ta ɓoye cewa abin yana yi mata ciwo.

A zangon farko na aji biyar takan hana rubuta cikakken insha'i har tsawon wata guda. Layi biyar kawai take karɓa. Wadda ta zarce, sai ta ja jan biro a ƙarƙashin layi na biyar ta bar sauran ba ta duba ba. Dalili ɗaya a fili yake: kowane aji ya haura ɗaliba 70, ga shi azuzuwa uku take ɗauka, in ta ce kowa ta cika shafi biyu, sai dai ta sa hannu kawai ta mayar, ba gyara. Ɗaya dalilin shi ne ta lura a nan cutar take. Yarinyar da ta san abin da take son a yarda da shi tun a layin farko, hujjoji kan zo mata da sauƙi. Wadda ba ta sani ba, ko shafi goma ta cika, kewaye take yi.

Washegari sai ta zo da takardun, ta naɗe wajen sunan, ta karanta ɗaya da ƙarfi. In ta gama sai ta ɗaga kai.

"Wa za ta gaya mini abin da mai wannan rubutu take so?"

Aji ya yi tsit. Can wata daga baya ta ce, "Malama, maganar noma da kasuwanci take yi."

"Na ji tana maganarsu. Wanne ta zaɓa?"

"Ba ta faɗa ba tukuna, Malama."

"To, ku da kuke kwana ɗaki ɗaya da ita ba ku gane ba, ina ga wanda zai duba takardarta a wani gari, bai san ta ba, ga tulin takardu a gabansa?"

Abin da take nema a layi biyar ɗin nan ba shi da yawa, sai dai ba ta sassauci a kansa. A san wanda ake wa magana, a kuma ba shi dalilin da zai sa ya saurara, wani abu da ya shafe shi ko ya gani da idonsa. Sannan a faɗi matsayi a jimla ɗaya wadda mutum mai hankali zai iya cewa bai yarda da ita ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya fi ba yara wuya. "Ilimi yana da muhimmanci" ba matsayi ba ne a wurinta, domin ba wanda zai yi musu. "A daina korar ɗaliba daga aji saboda ba ta da littafi" matsayi ne, domin akwai malamai a ofis ɗin nan kusa da za su ce a'a, kuma suna da nasu dalilin.

Ni dai ban ga laifin yaran ba, kuma ina jin duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ba zai gani ba. Tun muna ƙanana aka koya mana cewa ba a afka wa magana. Sai an yi sallama, an tambayi kwana da gajiya da iyali, an ɗan yi shiru, sannan a ce dama wata 'yar magana ce ta kawo ni. Wanda ya shigo ya faɗi buƙatarsa a tsaye, cewa ake yi ba shi da tarbiyya. 'Ya mace kuwa nata ya ninka: ta sunkuyar da kai gaban babba, kada ta yi musu, in an tambayi ra'ayinta ta ce duk yadda kuka gani. Yarinyar da ta shekara 16 tana jin wannan, rana ɗaya a miƙa mata takarda a ce ta zaɓi ɓangare ta kare shi, ba mamaki ta nemi wurin fakewa. Muddin tana cikin doguwar gaisuwa da bayyana ma'anar kalmomin da kowa ya sani, ba ta faɗi abin da za a kama ta da shi ba.

Malama ta san haka, shi ya sa ba ta raina gaisuwa a gabansu. Abin da takan ce shi ne, "Bahaushe da ya ce gaisuwa da roƙon iri, ai bai ce a tsaya a gaisuwar har damina ta wuce ba." So take su gane cewa ana iya cewa "Ranki ya daɗe" a farkon jimla, a kuma ce "ban yarda ba" a ƙarshenta, duka cikin ladabi.

A kan wannan ta samu mataimaki inda ba ta zata ba. Malamin Arabiyya, dattijon da ya yi karatun zaure kafin ya yi na boko, ya ji ana maganar a ofishin malamai, sai ya ce ai wannan ba sabon ilimi ba ne. Malaman balaga sun ware babi a kan kyautata farkon magana, wanda suke kira bara'atul istihlali, wato mai sauraro ya hango inda aka dosa tun daga buɗe baki. Ya tuna musu yadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello suke buɗe littattafansu: bisimilla, godiya ga Allah, salati ga Annabi, sai a ce bayan haka, a faɗi sunan littafin da abin da aka rubuta shi dominsa. Ladabin ya cika, kuma bai ci fiye da 'yan layuka ba. Ya ƙara da misalin kotu. A fiƙihun Malikiyya alƙali ba ya sauraron da'awar da ba a fayyace ba. Sai mai ƙara ya faɗi abin da yake nema, da wanda yake nema a wurinsa, sannan a ce ya kawo shaida. Wanda ya zo ya ce shi dai an cuce shi, ba a san me za a tambayi wanda ake ƙara ba.

Malama ta gayyace shi aji ya faɗi wannan da bakinsa, kuma maganar ta shige su fiye da duk bayanin da ta yi a baya. Yara da yawa sun ɗauka fitowa fili da ra'ayi ɗabi'ar Turawa ce da boko ya kawo. Da suka ji daga bakin mai rawani cewa malaman Sakkwato haka suke rubutu fiye da shekara 200 da suka wuce, sai jikinsu ya saki. Ita kuma takan ƙara musu da cewa tun 1939, da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana editanta, Hausawa ke aika wasiƙu suna ja-in-ja da juna a rubuce.

Amma babban abin da ya canza rubutun yaran shi ne canza abin da ake rubutu a kai. Likita da malami, noma da kasuwanci, birni da ƙauye, an tauna su har sun salance, ba wadda ta damu da wanda ya ci. Sai Malama ta duba abin da ke damun yaran a cikin makarantar, ta ga ruwa ne.

Famfunan tuƙa-tuƙa ake da su, kuma da wuya a wayi gari duka suna aiki. Al'adar da aka gada ita ce manya su fara ɗiba, ƙanana su jira, wani lokaci ma su ɗebar wa manyan kafin su ɗebi nasu. Don haka 'yan aji ɗaya ne kullum ke makara taron safe, su ne kuma ake sa wa aikin horo. Kowa ya san wannan, ba wanda ya taɓa rubuta shi. Malama ta ce kowace ɗaliba ta rubuta gabatarwar takarda zuwa ga shugabar makaranta, ko tana goyon bayan a canza tsarin ko a bar shi yadda yake.

Zubin farko ya zo yadda aka saba. Fiye da rabin aji sun fara da cewa ruwa abu ne mai matuƙar muhimmanci a rayuwar ɗan Adam da dabbobi da tsirrai. Malama ta karanta uku a jere, sannan ta ce, "Shugabar makaranta ta yi goyo, ta yi girki, ta yi wanki. Cikinku wa take ganin ba ta san amfanin ruwa ba? Ku gaya mata abin da ba ta sani ba, ko abin da ta sani amma ba ta tsaya ta duba ba." Ta ce kada kowa ta sake rubuta komai sai ta je bakin famfo da asuba ta buɗe ido.

Bayan kwana biyu wata ɗaliba, wadda ba ta cikin masu ɗaga hannu a aji, ta kawo wannan:

"Ranki ya daɗe, jiya da safe 'yan aji ɗaya 14 aka tsayar a ƙofar ofis saboda makara, kuma dukkansu da jiƙaƙƙen hijabi suka zo daga layin famfo. Tun asuba suke can, amma sai da manya suka gama aka bar su suka ɗiba. Ana hukunta su a kan laifin da ba nasu ba. Ina roƙon a ware musu famfo ɗaya daga sallar asuba zuwa ƙarfe 7, ko da hakan zai sa mu manya mu ƙara jira."

Gaisuwar tana nan, kalma uku, kuma ta wadatar. Jimlar farko ta ɗauko abin da shugabar ta gani jiya-jiyan nan a ƙofar ofishinta, don haka ba za ta musa ba, jiƙaƙƙen hijabin kuma ya sa ta sake ganinsa ta wata fuska. Lambar ba daga littafi aka kwaso ta ba, yarinyar ce ta tsaya ta ƙirga. Buƙatar a fayyace take, da wuri da lokaci, ta yadda za a iya amsa ta da i ko a'a. Gaɓar ƙarshe kuwa, inda ta yarda cewa ita ma abin zai taɓa ta, ita ce ta fi ƙarfi a ganina, domin ta riga ta rufe bakin wanda zai ce son kai ne ya sa ta magana. Ba wanda ya koya mata wannan da suna. Ta san wadda take wa magana, ta kuma damu da abin da take faɗa.

Akwai waɗanda suka kare tsohon tsari. Wadda ta fi iya yi ta buɗe da cewa 'yan aji shida suna da darasin safe na shirin jarrabawa wanda ƙanana ba su da shi, in suka tsaya layi za su rasa shi. Maki ɗaya aka ba su su biyun, don kada a zaci ra'ayin Malama ake so a canka.

Duk dabarar da aka yaba a aji, kafin mako ya zagayo takan zama sabuwar hadda. Ranar da Malama ta yaba wa wata da ta buɗe da tambaya, aikin da ya biyo baya kusan kowa da "Shin kin san cewa" ta fara, har da tambayoyin da ba mai neman amsarsu. Dole ta dakatar da buɗewa da tambaya na ɗan lokaci. Karin magana ma, duk da ita ke koyar da shi a darasin adabi, ba ta karɓarsa a gabatarwa sai in shi kansa ya ɗauki ɓangare a muhawarar. In ana iya ɗauke shi a manna wa kowane insha'i ya zauna, takan soke shi.

Wanda ta fi tsananta a kansa shi ne "bincike ya nuna". Yara sun lura lamba tana da kwarjini, sai suka fara ƙirƙira: kashi 90 cikin 100 na kaza, kashi 70 na kaza. Tambayarta ɗaya ce, "Wa ya ƙirga?" In ba amsa, sifili ne, ko da sauran rubutun ya yi kyau, domin a wurinta wannan ya tashi daga kuskuren rubutu ya koma ƙarya. Na goyi bayanta ɗari bisa ɗari. Yarinyar da ta saba cin maki da lambar ƙarya tana makaranta, ita ce gobe za ta zauna a ofis ta cike takardar rigakafi ko ta rabon taki da lambar da ta ga dama. Bayan hutu kuma wasu kan dawo da gabatarwa mai santsi da suka kwafo daga intanet a wayar yaya ko ta baba. Malama ba ta dogon bincike. Takan ce wa mai ita ta rufe littafi ta faɗi matsayinta da baki, a nan ake rabuwa.

Ba kowa ne a ofishin malamai ya gamsu ba, kuma wanda ya fi ja da ita, malamin Turanci, ya san abin da yake faɗa, don ya daɗe yana zuwa duba takardun WAEC. A takardar Turanci ana son insha'in da bai gaza kalma 450 ba, a kan maki 50: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu, inda kowane kuskure ke cin rabin maki. Yaran nan, in ji shi, da yawansu ba su fara jin Turanci sosai ba sai da suka zo sakandare. Gabatarwar da aka haddace tana ba su layuka marasa kuskure, tana kuma kwantar musu da hankali a lokacin da hannu ke rawa. In tambayar ta ce a rubuta jawabin muhawara kuwa, gaida shugaban taro da alƙalai wajibi ne. Wadda ba ta da kiredit a Turanci, ko a WAEC ko a NECO, ba ita ba jami'a. "Hajiya," yakan ce mata, "ke marubuta kike son fitarwa, ni kuwa so nake su ci jarrabawa."

Maganarsa tana da nauyi, kuma wanda bai taɓa ganin yarinya ta fito daga ɗakin jarrabawa tana kuka ba bai kamata ya yi saurin watsar da ita ba. Amsar Malama ita ce ba ta hana gaisuwa inda tambaya ta nema ba. A yi ta a layi ɗaya, layi na biyu a faɗi ɓangaren da aka ɗauka. Bayyana ma'anar likita kuwa cika takarda ne kawai. Ni a nan na fi karkata gare ta, domin a cikin lissafinsa ma akwai maki 20 na abin da aka faɗa da na tsari, waɗanda ba sa samuwa ga wadda ba ta san inda ta dosa ba.

Ba su daidaita gaba ɗaya ba, amma sun haɗu a kan abu guda da ya amfani yaran. Yanzu a darasin Turanci ma, kafin a taɓa biro, kowace ɗaliba takan juya ga ta kusa da ita ta faɗa mata da Hausa, a jimla ɗaya, abin da take son mai karatu ya yarda da shi. In ta kasa faɗa da harshen da ta sha a nono, to matsalarta ba ta kai ga Turanci ba tukuna.

A cikin tsofaffin batutuwan muhawara akwai ɗaya da Malama ba ta jefar ba, wato makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo wacce ta fi. A da batun wasa ne, ana kawo hujjar abinci da kewar gida. Yanzu ya wuce nan. An sace ɗalibai mata 276 a Chibok a 2014, an kwashi 110 a Dapchi a 2018, an ɗebi ɗaruruwan yara maza a Ƙanƙara a ƙarshen 2020, sannan a watan Fabrairun 2021 aka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe a Zamfara aka tafi da 279. Jihohi da dama sun rufe makarantun kwana na wani lokaci, wasu iyaye kuma ba su mayar da 'ya'yansu ba ko da aka buɗe. Da wuya a samu ɗaliba a makarantar nan da ba a yi wannan magana a gidansu ba, galibi a kanta ake yi, tana ɗaki tana ji, ba a tambaye ta ba.

Malama ta daɗe tana jinkirin ba da wannan batu, don gudun tayar wa yara da hankali. Da ta tashi bayarwa, sai ta canza mai karatu. Ta ce kada a rubuta wa alƙalan muhawara, kowa ta rubuta wa wanda ke da ikon cire ta ko barin ta. Wata ta rubuta:

"Baba, Inna ta gaya mini tun da na dawo makaranta kullum sai ka kunna rediyo kafin ka fita masallaci. Tsoron da kake ji gaskiya ne, ni ma ina jin sa. Amma a garinmu babu babbar sakandaren mata, kuma 'yan ajinmu na firamare da suka zauna a gida duk an yi musu aure. In ka cire ni daga nan, ba makarantar jeka-ka-dawo zan koma ba, karatun ne zai ƙare. Ina roƙonka ka bar ni in gama."

Wata kuma ta ɗauki ɗaya ɓangaren, kuma hukuma ta nufa da maganarta:

"Ranka ya daɗe, ɗakin kwananmu ƙofarsa ɗaya ce, kuma in kare ya yi haushi da dare ba wadda ke komawa barci. Yarinyar da ta kwana a zaune ba ta fahimtar lissafi da safe. Kuɗin da ake kashewa wajen ciyar da mu, in aka gina wa mata sakandare da su a garuruwanmu, za mu yi karatu mu kwana gaban iyayenmu. Ina ganin lokaci ya yi da za a rage makarantun kwana a yankunan da ba tsaro."

Malama ta karanta su a jere ba tare da ta faɗi sunaye ba, ko da yake aji ya gane. Ba ta ce wacce ta fi gaskiya ba. Ta nuna musu cewa ta farko sai da ta yarda da tsoron mahaifinta kafin ta ja da shi, kuma da ta fara da cewa Baba ba ka fahimta ba, da a nan ya ninke takardar. Ta biyun ta yi mata gyara ɗaya: ta yi da'awar cewa kuɗin abinci zai isa gina makarantu, to ko dai ta shirya kawo hujja a kai ko ta sassauta jimlar, domin mai karatu zai tambaye ta a gaba.

Daga nan ta ɗage dokar layi biyar. Ta raba aji gida biyu a bayan ɗaliban nan, ta ce aikin mako mai zuwa shi ne sakin layi na biyu, kuma kowane ɓangare sai ya fara amsa hujja mafi ƙarfi ta ɗaya ɓangaren kafin ya kawo tasa. 'Yan bayan ta farko za su faɗi abin da za a yi da ƙofa ɗaya da daren da ba a barci. 'Yan bayan ta biyu za su faɗi inda yarinyar da garinsu ba shi da sakandare za ta yi karatu kafin a gama ginin.